Me ya hana duwatsun da ke bin hanyar Mushtari yin karo da shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, a Aboabo nake zaune, shekara 14 ke nan ina jan mota tsakanin Kumasi da Ankara. Ranan ina kan hanya na ji a rediyo ana cewa wai akwai wasu duwatsu a sama da suke bin hanya ɗaya da wata babbar duniya, wasu a gabanta wasu a bayanta, har Amurka ta tura kumbo ya je ya duba su. To ni a sanina, mota biyu in suka daɗe a layi ɗaya, ko dai ta baya ta cim ma ta gaba, ko ta gaba ta taka birki a daki bayanta. Kuma an ce babbar tana jawo duk abin da ya kusance ta. Yaya aka yi ba ta haɗiye su ba? In kuma wani ya kuɓuce, ba kanmu zai faɗo ba?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye hanya. Wannan tambaya ta direba ce tsantsa, kuma ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. In na fahimce ka da kyau, abu uku kake nema: abin da ya hana na baya cim ma na gaba tunda layinsu ɗaya, abin da ya hana ƙaton ya jawo ƙananan ya haɗiye, sai kuma ko akwai abin da zai same mu a nan ƙasa. Ni malamin fizis ne a wata sakandare a nan Kumasi, ina kuma da ɗan madubin hangen taurari da nakan fita da shi in an ɗauke wuta gari ya yi duhu. Da abin da nake koyarwa da abin da na gani da idona zan ba ka amsa.

Babbar duniyar da ka ji ana faɗa ita ce Mushtari, wanda littattafan boko ke kira Jupita. Malaman falaki na zaure sun san shi tun kafin boko ta zo, don da ido ma ana ganinsa, fari tas, ba ya ƙyafta haske kamar sauran taurari. Faɗinsa kimanin kilomita 140,000 ne, sai ka jera irin duniyarmu 11 kafin ka kai daga wannan gefe zuwa wancan. Nauyinsa ya ninka na duniyarmu sau 318, in ma ka tara sauran duniyoyi bakwai a sikeli ɗaya, shi kaɗai ya ninka su sau biyu da rabi. Tsakaninsa da rana kimanin kilomita miliyan 778 ne, kuma sai ya yi shekara 11 da wata 10 kafin ya kewaye ta sau ɗaya. Duwatsun kuwa sunansu Turojan. An riga an ƙirga sama da 10,000, sun yada zango biyu a kan hanyarsa, ɗaya a gaba da digiri 60, ɗaya a baya da digiri 60. A lissafin malaman falaki, da yake kowane burji digiri 30 ne, zangon gaba yana gaban Mushtari da burji biyu. Inda yake yau, Mushtari sai ya yi tafiyar kusan shekara biyu zai iso, kafin nan kuwa zangon ya ƙara gaba da burji biyu.

Lemu, yashi da gyaɗa

Maganar "hanya ɗaya" ce ke rikita mutane, sai su hango cunkoson Kejetia da yamma, hancin wannan mota a gindin waccan. Shi ya sa duk shekara nake fitar da 'yan ajina filin ƙwallo. A tsakiyar fili, inda ake ajiye ƙwallo a take wasa, mu ajiye lemu guda, rana ke nan. Taku goma daga nan, kusa da da'irar tsakiya, mu ajiye ƙwayar yashi, duniyarmu ke nan da Kumasi da Makka da kowa da kowa a kanta. Sai mu miƙa har bakin raga, mita 52, mu ajiye ƙwayar gyaɗa a matsayin Mushtari. Daga nan in kawo igiya biyu, kowace mita 52, a kafa bakin ɗaya a wajen lemu, bakin ɗaya a wajen gyaɗa, yaro guda ya haɗa sauran bakunan biyu a hannu ya yi ta ja da baya har su miƙe tsaf. Inda ya tsaya, nan ne tsakiyar zangon. Kullum sai ya fice daga filin gaba ɗaya, ya wuce layin gefe da kamar taku goma, can wajen masu sayar da ruwan leda. A wannan ma'auni, babban dutsen cikinsu bai kai kaurin silin gashi ba. Akwai shekarar da kafin mu gama warware igiya akuya ta cinye mana Mushtari, tun daga ranar nake sa mai gadi a bakin raga.

Ka ga ke nan nisan da ke tsakanin Mushtari da zangon daidai yake da nisan da ke tsakanin Mushtari da rana. Lemu da gyaɗa da yaron sun zauna kamar duwatsun murhu, tazarar kowane biyu ɗaya ce. Haske kansa sai ya yi minti 43 kafin ya ci wannan tazara. Da za ka ɗora motarka a kan kilomita 100 a awa, ba tsayawa shan mai, ba barci, sai ka yi kusan shekara 900 a hanya.

Nisa kaɗai dai ba amsa ba ce, don kai ma ka san tazara komai tsawonta tana cikewa in gudun ta baya ya ɗara na ta gaba ko da kaɗan. Sai dai dokar hanya a sama dabam take. A titin Ankara inji da ƙafar direba ke yanke gudu. A sama layin da kake kai shi ke yanke maka lokacin zagaye, abin da Johannes Kepler ya gano shekara 400 da suka wuce. Na kusa da rana yana sauri, na nesa yana tafiyar hawainiya. Duniyarmu tana cin kilomita 30 a sakan guda, Mushtari 13, wato Kumasi zuwa Ankara a cikin sakan 20, ko Nkawkaw ba za ka gani ba. Girma kuma ba ruwansa a ciki: da tirela da aboboya, in dai layinsu ɗaya ne, lokaci ɗaya za su kammala zagaye. Birki kuwa babu shi, tunda babu iska, babu kwalta, babu abin da zai goge su ya rage musu gudu.

Inda gizo ke saƙar

Saura maganar ja. Wasu na ce wa wannan ƙarfi maganaɗisu, amma ba shi ba ne. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa duk abu mai nauyi yana jan duk abu mai nauyi, kuma jan yana raguwa sosai in nisa ya ƙaru. Gaskiya ne Mushtari yana jan duwatsun nan dare da rana. Abin da ke ba ɗalibaina wahala, ni ma ya ba ni wahala a jami'a, shi ne a sama in aka jawo ka gaba, baya kake komawa.

Ɗauki dutse ɗaya daga zangon baya. A ce ya ɗan matso kusa da Mushtari. Mushtari yana gabansa, sai ya ja shi gaba. A titi wannan ƙarin gudu ne, ƙarshensa karo. A sama kuwa, abin da aka ƙara wa ƙarfi ta gaba ba ya zama a layinsa, buɗewa yake yi ya hau layin waje, kamar yadda mota ke buɗewa in ka ba ta wuta a tsakiyar shataletale. To layin waje ya fi tsawo, kuma gudun da doka ta yanke masa ya fi ƙanƙanta. Sai dutsen ya fara saɓulewa baya, Mushtari yana yi masa nisa. Na zangon gaba kuma akasin haka ne. In Mushtari ya fara matso shi, ta baya zai ja shi, ya rage masa ƙarfi, sai ya gangara layin ciki, wanda ya fi gajarta ya kuma fi sauri, sai ya tsere gaba. Jan da kake tsoron zai sa a haɗiye su, shi ne yake korar su duk lokacin da suka matso.

Mai hankali zai ce, to in haka ne me zai hana dutsen ya yi ta saɓulewa har ya ɓace? Nan sai ka tuna ɗan ga-ruwa da sandarsa. In garwa ɗaya cike take ɗaya rabi, ba a tsakiyar sanda yake sa kafaɗa ba, matsawa yake yi wajen mai nauyin. Rana da Mushtari haka suke. Rana ba a kafe take ba, su biyun suna juyawa ne a kan wata makafaɗa da ke tsakaninsu, kuma da yake rana ta ninka Mushtari nauyi sau 1,047, makafaɗar tana dab da ita, ɗan waje kaɗan da fatarta. A filinmu, santimita biyar daga tsakiyar lemu, wato gefen ɓawo. Dutsen da ke zaune a matsayin dutse na uku na murhu, nisansa da rana da nisansa da Mushtari ɗaya ne, saboda haka kowa yana jansa daidai gwargwadon nauyinsa, in ka haɗa jan biyu sai ya nufi makafaɗar nan cak, ba gaba ba baya. In ya matso Mushtari, jan Mushtari ya wuce kasonsa, a kore shi kamar yadda na faɗa. In ya yi nisa da yawa, jan Mushtari ya gaza kasonsa, sai jimillar ta karkata ɗaya gefen, dutsen zangon baya ya gangara layin ciki, ya ƙara sauri, ya dawo. Haka yake lilo, ya je ya dawo, zuwa da dawowa ɗaya kimanin shekara 150. In ka zana sawunsa kana tafiya tare da Mushtari, siffar talibambam yake bayarwa, kai mai kauri da wutsiya doguwa. Saboda haka kada ka ɗauka duk a cure suke wuri guda. Kowane zango ya miƙe ɗaruruwan miliyoyin kilomita a kan hanyar, wasu duwatsun ma layinsu ya karkace sama da ƙasa har digiri 30 ko fiye.

Na sauƙaƙa bayanin, cikakkensa lissafi ne da ke cin allo biyu. Amma akwai sharaɗi ɗaya da ya fito daga lissafin wanda ya kamata ka riƙe: wannan zama ba ya ɗorewa sai babban ya ninka na biyun nauyi aƙalla sau 25. Rana da Mushtari sun haye wannan da nisa. Duniyarmu da wata ma sun haye, da sau 81.

Wanda ya fitar da wannan lissafi shi ne Joseph-Louis Lagrange, haifaffen Turin ta Italiya, a shekarar 1772, da alƙalami da takarda kawai. Wuraren daidaito biyar ne. Uku daga ciki, waɗanda Leonhard Euler ya riga shi ganowa, suna kan miƙaƙƙen layin da ya ratsa manyan biyu, kuma zamansu kamar ƙwai ne a bayan ƙwarya, da an taɓa ya gangara. Madubin hangen taurari na James Webb da aka harba a Disambar 2021 a irin wannan wuri yake, kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniyarmu, shi ya sa lokaci-lokaci sai an ƙona ɗan mai an gyara masa zama. Biyun da suka rage, na huɗu da na biyar, su ne zangunan namu. Lissafin ya kwanta a takarda shekara 134 ba wanda ya tabbatar da akwai wani abu a wurin, sai a watan Fabrairun 1906 Max Wolf, a Heidelberg ta Jamus, ya ga wani ɗigo a hoton da ya ɗauka na sama, aka bi sawunsa aka tarar yana gaban Mushtari daidai inda Lagrange ya nuna. Shi ne 588 Achilles. Kafin shekara ta zagayo August Kopff ya ƙara biyu, Patroclus da Hektor.

Sunayen daga wata tsohuwar tatsuniyar Girkawa aka ɗebo su, ta yaƙin da suka kai wa birnin Turoy, wanda kufansa ke ƙasar Turkiyya a yau. Johann Palisa na Biyana ya ba da shawarar a riƙa sa musu sunayen jaruman yaƙin, daga baya aka tsara zangon gaba na Girkawa, na baya na mutanen Turoy. Sai dai an riga an raɗa wa biyun nan na Kopff suna kafin a yi tsarin, don haka Hektor, babban jarumin Turoy, yana zaune a tsakiyar Girkawa, Patroclus Bagirke kuma yana cikin mutanen Turoy. Masana na tsokanar su da 'yan leƙen asiri. In ka taɓa jin masu gyaran waya a Adum suna cewa turojan ya shiga wayar wani, tatsuniyar ɗaya ce, daga dokin katakon da aka ɓoye mayaƙa a cikinsa, amma ba abin da ya haɗa cutar waya da duwatsun sama sai suna.

'Yan gari ne ko baƙi?

Wannan ita ce tambayar da ta sa aka kashe kuɗin kumbo. Ra'ayi na farko, kuma mafi daɗewa, shi ne a nan aka haife su, ragowar ƙasar da aka gina Mushtari da ita ce shekara biliyan huɗu da rabi da suka wuce, da ya yi ƙiba sai ya riƙe su a gefensa. Ra'ayin yana da daɗin ji, amma yana da ɓaraka. Da haka ne, da layukansu sun kwanta lumui tare da na Mushtari, ga shi kuwa da yawansu a karkace suke. Sannan launinsu baƙi ne ƙirin mai ɗan ja-ja, kusan kamar gawayi, ba su mayar da hasken rana sai kamar kashi 4 zuwa 7 cikin ɗari. Patroclus kuma, da aka gano a 2001 cewa tagwaye ne, shi da abokinsa Menoetius, kowanne ya ɗan haura kilomita 100, suna kewaya juna cikin kwana huɗu da 'yan awoyi, da aka auna sai aka tarar bai ma kai ruwa nauyi ba in aka kwatanta mudu da mudu. Abu mai irin wannan sauƙi dole akwai ƙanƙara da rami-rami a cikinsa, kuma irin waɗannan tagwaye an fi samunsu can bayan Neftun, duniyar da ta fi sauran nisa da rana, inda sanyi ya fi tsanani.

Ra'ayi na biyu ya fito a 2005 daga wasu masu bincike da suka yi aiki a birnin Nis na Faransa. Suka ce manyan duniyoyin nan huɗu, wato Mushtari da Zuhal (Saturn a boko) da Yuranus da Neftun, ba a inda suke yanzu aka haife su ba, sun taɓa yin ƙaura, kuma a lokacin ƙaurar sama ta hargitse. Neftun ya kutsa cikin tarin duwatsun ƙanƙara na can waje ya watsa su ko'ina, zangunan Mushtari suka buɗe, na ciki suka zube, baƙi suka yi ta ratsawa. Da ƙura ta lafa ƙofa ta rufe, waɗanda ke ciki a lokacin suka zauna har yau. Mu mutanen Zango ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ba, kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya don kwana biyu. Ni wannan ra'ayi na biyu nake karkata gare shi, saboda yana warware maganar karkacewar layuka ba tare da an yi masa ciko ba. Amma ni malamin aji ne mai karanta abin da masu bincike suka fitar, kuma su kansu ba su rufe bakin maganar ba. Har yanzu suna muhawara kan dalilin da ya sa zangon gaba ya fi na baya yawan duwatsu, da kuma dalilin da ya sa launinsu ya kasu gida biyu, masu ja sosai da masu ja kaɗan.

Kumbon da ka ji labari sunansa Lucy, hukumar NASA ta harba shi ranar 16 ga Oktoban 2021. An ba shi sunan ƙasusuwan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum da aka tono a yankin Afar na Habasha a 1974, don ana kallon duwatsun a matsayin ƙasusuwan tarihin duniyoyi. Da hasken rana yake aiki, yana da faifai biyu, faɗin kowanne ya haura mita 7, saboda a can hasken rana bai kai kashi 4 cikin ɗari na wanda muke samu ba. A hanya ya gwada idanunsa a kan wani ƙaramin dutse mai suna Dinkinesh a Nuwamban 2023, ya tarar yana da ɗan wata, watan ma ashe dunƙule biyu ne manne da juna, aka sa masa Selam. A Afrilun 2025 ya wuce ta gefen wani mai suna Donaldjohanson. Waɗannan biyu ba Turojan ba ne, gwaji ne. A jadawalin da aka tsara, zai ratsa zangon gaba daga Agustan 2027 zuwa Nuwamban 2028, ya duba Eurybates da Polymele da Leucus da Orus, sannan ya dawo ya zagayo ta gefen duniyarmu ya ari ƙarfi, ya nufi zangon baya wajen Patroclus a Maris na 2033. A matsayinka na direba ka lura da wannan hanya: daga zangon gaba zuwa na baya, ya fi masa arha ya biyo ta gida. Ba zai tsaya a ko ɗaya ba, hoto zai ɗauka a guje. Ni Leucus na fi ɗokin gani, dutsen da juyi ɗaya a kan kansa ke cin kimanin awa 445, fiye da kwana 18, alhali Hektor da ya ninka shi girma sau da yawa yana juyawa cikin ƙasa da awa bakwai.

Ba Mushtari kaɗai ke da irin waɗannan 'yan rakiya ba. Neftun yana da su, an ga na farko a 2001. Yuranus yana da wanda aka gano a 2011. Mirrihi (Mars a boko) yana da Eureka, wanda aka gano a 1990. Zuhal ne ya daɗe ba a samo masa ba, saboda Mushtari maƙwabcinsa ne kuma yana yawan girgiza masa zanguna, sai a 2024 aka tabbatar da guda, 2019 UO14, shi ma ɗan ci-rani ne na 'yan shekaru dubbai. Duniyarmu ma tana da biyu da aka sani, 2010 TK7 da 2020 XL5, duk a gabanta, babban ya ɗan haura kilomita ɗaya.

Tsoron da ka ambata

Ba shirme ba ne. Tafkin Bosomtwe da ake zuwa shan iska, kilomita kamar 30 kudu maso gabas da Kumasi, ramin dutsen sama ne da ya faɗo kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce, bakin ramin ya haura kilomita 10. A Fabrairun 2013 ma wani mai faɗin mita 20 ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha, gilasan tagogi suka raunata mutum kimanin 1,500. Shi kansa Mushtari an ga ana dukansa: a Yulin 1994 gutsattsarin wani tauraro mai wutsiya, Shoemaker-Levy 9, sun yi ta faɗa masa har kusan mako guda, suka bar tabo baƙaƙe da ƙananan madubai ma suka hango. Amma masu ratsa hanyar duniyarmu wani gida ne dabam, akasarinsu daga ɗamarar duwatsun da ke tsakanin Mirrihi da Mushtari suke fitowa, kuma su ne ake sa wa ido. Turojan na can nesa da mu da ɗaruruwan miliyoyin kilomita, a ɗaure. Suna karo da juna jefi-jefi, Eurybates ma babban guntu ne na wani dutse da ya tarwatse tuntuni, kuma waɗanda ke bakin zango sukan zame bayan miliyoyin shekaru. Wanda ya zame, a hannun Mushtari yake faɗawa tukuna, shi kuwa yawanci cilli yake yi da irinsu. In kana jera abubuwan da za su hana ka barci, tayoyin motarka da ramukan hanya suna gaba da wannan da nisan gaske.

Ni ban taɓa ganin Turojan da idona ba, kuma da kayan da nake da su ba zan gani ba. Madubina faɗin bakinsa santimita 20 ne. Hektor, babbansu, wanda matsakaicin faɗinsa ya kusa tazarar Kumasi da Ankara, dishi-dishinsa ya ninka na tauraro mafi rauni da ido ke gani sau dubbai. Na taɓa kwana a wani ƙauye bayan Ejisu ina farautarsa da taswira a hannu, sauro ya yi bikinsa a ƙafafuna, hazo ya taso kafin asuba, na naɗe kaya na dawo. Masu irin kayana da suka ba da gudummawa ta wata dabara suka bi. In dutsen ya gifta ta gaban wani tauraro mai nisa, tauraron yakan ɗauke na 'yan sakanni, inuwar ta ratsa ƙasa kamar zirin kwalta. A jera mutane da ƙananan madubai a faɗin zirin, kowa ya rubuta sakan nawa tauraron ya ɓace masa, in an haɗa sai siffar dutsen ta fito. An yi wannan a Senegal, a 2020 don Polymele, a 2021 don Orus, da 'yan ƙasar a kan madubai, kuma da ma'aunan da aka samu ake shirya wa Lucy hanya. Wannan aiki ba ya neman komai sai madubi matsakaici da kyamara da agogo mai kyau da sama marar gajimare. Na ƙarshen ne ke ba mu wahala a Kumasi, amma daga Tamale zuwa Bolga da rani ba abin da zai hana.

Shi Mushtari dai kana iya ganinsa ko a Aboabo, fitilun gari ba sa ɓoye shi. Akwai manhajojin waya na kyauta da za ka ɗaga sama su nuna maka inda yake a daren. In ka samu aron madubin hannu mai ido biyu, irin na masu kallon ƙwallo, za ka ga ɗige-ɗige har huɗu a jere a gefensa, watanninsa ne da Galileo ya gani a 1610, gobe in ka sake dubawa sun canja wuri. Hannu yana rawa, don haka ka dafa gwiwar hannu a kan rufin mota. Ka kashe injin tukuna, in ba haka ba watannin za su yi ta tsalle.